Ruwan ƙazanta na dawowa ɗakin Hajiya a besmen, maigida kuma ya ce laifina ne

Assalamu alaikum. Ina zaune a Shikago ta ƙasar Amurka, shekara biyu ke nan da muka sayi gida. Wata huɗu da suka wuce na haihu, mahaifiyar maigidana ta zo daga Katsina don ta taya ni jego, muka sauke ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda a nan muke ce wa besmen. Akwai banɗaki a wurin, da ɗan wajen wanke-wanke inda take girkinta, da injin wanki. Wajen mako uku muna jin wani abu yana bugawa dam a ƙasan, ko da tsakar dare ba mai taɓa ruwa. Daga baya masai ya fara gurnani, wari ya taso. Shekaranjiya bugun ya ɗauke gaba ɗaya, da na kunna injin wanki sai baƙin ruwa ya ɓullo ta ramin shawa da magudanar da ke tsakiyar daɓe, ya jiƙa kafet. Banɗakunan sama lafiyarsu ƙalau. Maigida ya zuba maganin buɗe bututu har kwalba biyu, ba abin da ya canza. Hajiya ta dawo falo da kwana, ta ce ba za ta yi salla a kan najasa ba. Shi ya ce wayif ɗin goge jaririn da nake jefawa a masai ne, ni kuma na san Hajiya na juye sauran man suya a wajen wanke-wanke, amma da wane baki zan faɗa? Me za mu yi?

Maman jariri, Shikago

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Kafin komai, daga yanzu har a gyara kada kowa ya sake zuba ko da ruwan buta ɗaya a besmen ɗin. Ba masai, ba shawa, ba wanki, ba alwala. Ki kuma roƙi maigida ya ajiye kwalbar maganin nan, zan dawo kanta, don ita ce ta fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki.

Kin ba ni amsar da kanki ba ki sani ba, a inda kika ce banɗakunan sama lafiyarsu ƙalau. A gida mun saba ruwa gangarawa yake yi: daga makewayi zuwa sokawe, daga tsakar gida zuwa kwata. Saman gidanku ma haka yake, ruwa na bin gangara har ya faɗa babban bututun titi. Besmen kuwa ya fi bututun da ke fitar da ruwan gidan zurfi, ruwa kuma ba ya hawa tudu da kansa. Saboda haka duk abin da ya fito daga masan Hajiya da shawarta da wajen wanke-wankenta da injin wanki, wani rami yake faɗawa a ƙarƙashin daɓe, sai wani famfo mai aiki da lantarki da ke zaune a cikin ramin ya cilla shi sama ya haɗa shi da na sauran gidan. Ki ɗauke shi kamar sumon bohol, sai dai shi ƙazanta yake ɗagawa. Masu gyara a can ijekta suke ce masa, ki riƙe sunan don za ki buƙace shi a waya. Garinku shimfiɗaɗɗe ne, kuma a yawancin unguwanninsa bututu ɗaya ke ɗaukar ruwan sama da na masai tare, shi ya sa ake ɗaga bututun gidaje sama, don kada ruwan titi ya kutso cikin besmen idan an yi mamako. Dabara ce mai kyau, amma ta jingina besmen ɗin kacokan a kan wannan famfo. Ran da ya tsaya, ramin ya cika, ruwa sai ya nemi ƙofar da ta fi kowace ƙasa, wato ramin shawa da magudanar daɓe, daidai inda kika gan shi. Da babban bututun da ya tafi titi ne ya toshe, da saiwar bishiya ko da fashewa, da kun ga alama idan aka ja ruwa a sama. Tunda ba ku gani ba, ku bar titi ku duba rami.

Ramin ba wani babba ba ne. Wanda aka fi sawa faɗinsa inci 18 ne, zurfinsa inci 30, yana cin kamar galan 30, wato jarka biyar da rabi ta lita 20. Tsohon injin wanki mai buɗewa ta sama kuwa yana iya zubar da galan 30 zuwa 40 a wanki ɗaya. Kin ga ba abin mamaki ba ne wanki guda ya jiƙa kafet.

Ki sauka ki nemo shi, galibi yana kusa da injin wanki ko injin ɗuma gida. A kula, gidaje da yawa rami biyu gare su, mutane kuma na rikita su. Ɗaya na ruwan da ke tsattsafowa daga ƙasa ne kawai, samp ake ce masa, murfinsa sakwa-sakwa, bututu ɗaya ke fita daga cikinsa, ruwansa ba wari. Wanda muke nema murfinsa a ɗaure yake da kusoshi an liƙe bakinsa, bututu biyu ne suka fito daga cikinsa, sai igiyar wuta. Bututu ɗaya shi ke kai ƙazantar sama, kaurinsa inci 2, a jikinsa za ki ga wani kumburi, shi ne bawul ɗin da ke hana ruwa komawa, sama da shi kuma akwai makunni na hannu. Ɗayan na iska ne, ya bi ta cikin bango har rufin gida.

Yanzu bari mu bi labarinki daki-daki, don famfon ya yi mako uku yana yi muku magana. Bugun da kuke ji, dam, ƙarar bawul ce. Idan famfo ya gama turawa ya tsaya, ruwan da ya rage a tsaye cikin bututu sai ya faɗo kan murfin bawul ɗin ya rufe shi da ƙarfi. Jin wannan bayan an ja ruwa ba komai ba ne. Abin da ya zama magana shi ne jin sa da ƙarfe biyun dare ba mai taɓa ruwa. Ma'anarsa ramin na cika da kansa, kuma hanyoyin da hakan ke faruwa ba su da yawa. Ko wani abu ya maƙale a bakin bawul ɗin bai rufe ruf ba, ruwan da aka tura sama yana silalowa ya dawo, famfo ya sake tashi ya tura ruwan da ya riga ya tura. Ko kuma tankin masan besmen yana yoyo a hankali cikin kwanon, irin wanda ba a ji sai an kasa kunne. Wannan na biyun gwajinsa ba kuɗi: bayan an gyara famfo, ki ɗiga kalar girki a tankin, ki bar shi minti ashirin ba a ja ba, in kalar ta bayyana a kwanon to robar da ke toshe gindin tankin ta mutu, canza ta kuma aikin minti goma ne. Ko wanne ne a ciki, famfon da aka ƙera don ya tashi sau kaɗan a yini ya koma tashi dare da rana, a haka makunninsa ke gajiya, injinsa ya yi zafi. Shirun da kika ji shekaranjiya ba sauƙi ba ne aka samu, tsayawa ya yi.

Tsayawar kuma iri-iri ce, wata ta kyauta ce wata ta kuɗi, don haka kada ku yarda a sayar muku da sabon famfo kafin a san wacce ce. Abin da maigida zai iya dubawa da kansa ba tare da ya buɗe murfi ba shi ne wuta, da sharaɗin daɓen wurin a bushe yake, shi ma da takalmin roba a ƙafarsa, hannunsa a bushe. Idan akwai ruwa kwance har zuwa wajen soket, ba shi ba wurin, sai mai gyara. In wurin bushe ne, ya fara duba akwatin wutar gida ko birekar famfon ta faɗi. Ya duba soket ɗin kansa, yawanci irin mai maɓalli biyu ne a tsakiya, wanda ke yanke wuta da ya ji danshi, sau da yawa danna maɓallin mayarwa kaɗai ke tayar da famfo. Ya kuma tabbatar ba wanda ya zare filogin don ya jona dutsen guga ko cajar waya, kada ki yi dariya, na ga gidan da aka yi kwana uku ana wahala a kan haka. Idan ya mayar da bireka ta sake faɗuwa nan take, ya tsaya, kada ya yi ta mayarwa. Akwai abin da ya riƙe farfelar da ke juyawa a cikin famfon tana tura ruwa, ko kuma ruwa ya shiga injin.

Idan wuta na nan, sai ya kalli filogin. Famfuna da yawa igiya biyu gare su, filogi ɗaya a goye a bayan ɗaya kamar uwa da ɗanta. Na gaba, wanda ke shiga soket ɗin bango, na ƙwallon da ke yawo a kan ruwan ramin ne, irin na tankin ruwan sama, wanda idan ruwa ya ɗago shi sai ya kunna famfo. Na baya shi ne na famfon kansa. Ya zare su duka, ya jona na famfon kai tsaye a bango na ɗan daƙiƙu, ya saurara. In ya ji inji ya tashi, ruwa na wucewa shuu a bututu, ruwan da ke ramin shawa ya fara ja baya, to alhamdulillahi famfon na da rai, ƙwallon ne ya maƙale ko makunninsa ya mutu, wannan kuma gyara ne mai sauƙin kuɗi. Da ya ji sautin ya canza, alamar ramin ya kusa ƙafewa, ya zare. Kada ya bar shi a jone ya tafi, famfon da ke juyi ba ruwa ƙonewa yake. In kuma ya ji gunji mmm kawai ba ruwan da ke motsi, ya zare nan da nan, farfela ce ta cushe. In inji na juyi sosai amma ruwa bai ragu ba, ya duba makunnin hannun da ke jikin bututu ko wani ya rufe shi, hannunsa ya kamata ya miƙe tare da bututun, ba ya gitta ba. Idan a buɗe yake, to ko bututun ya toshe, ko iska ta tare bakin famfo. Saboda wannan ne masu ƙera famfon ke cewa a huda ɗan ƙaramin rami, inci 3/16, a jikin bututun cikin ramin, ƙasa da bawul, kuma maiƙo na toshe shi. In kuwa shiru ne ƙwal, ba gunji ba motsi, injin ya tafi. Irin waɗannan famfuna kan yi shekara bakwai zuwa goma, ku kuma kun sayi gidan ne da shi a ciki, wataƙila ba ku ma san shekarunsa ba.

Iyakar aikin maigida ke nan. Buɗe murfin na mai gyara ne, kuma ina faɗin haka ne ba don raina masa ba. Iskar da ke taruwa a ramin ƙazanta akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a cikinta, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, idan kuma ta yi yawa sai ta kashe jin warin hanci, mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Mu da muka taso muna jin labarin masu yasar rijiya da masu kwashe shadda da suka shiga ba su fito ba, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Sannan ga maganin da aka zuba. Irin waɗannan magunguna ko soda ce mai cin fata ko asid, an yi su ne don su narkar da gashi a ɗan lanƙwasar bututu. A gidanku ba abin da suka tarar da za su buɗe, sun gangara ne kawai sun kwanta a ramin da ya cika, suna cin robobin famfo da na bawul, suna jiran hannu da idon duk wanda zai ɗaga murfi. Wajibi ne ku gaya wa mai gyara tun a waya cewa an zuba, da sunan maganin, da yawansa, ku ajiye masa kwalaben ya gani. Kada kunya ta sa ku ɓoye, mutum na iya rasa idonsa. Kada kuma a bi bayansa da bilic don kashe wari, haɗuwar bilic da asid ko da sinadarin amoniya hayaƙi mai guba take tayarwa, a ɗakin da ba taga sosai, a gidan da ke da jariri ɗan wata huɗu.

In kin kira, ki faɗa masa yadda kika faɗa min: sama lafiya, ƙasa ya cika, an yi mako uku famfo na tashi shi kaɗai, yanzu ya yi shiru, ga abin da muka ji da muka jona shi kai tsaye. Mai gyaran da ya ji haka ya san ba gidan da za a yi wa kwana-kwana ya zo ba. Ki nemi mai lasisi, ki sa ya rubuta kuɗin kafin ya fara. In za a canza famfo, a canza bawul tare da shi, akwai ma irin mai rufewa a hankali da ba ya bugawa. A sa ƙararrawar da ke kuka idan ruwa ya wuce ƙa'ida a ramin, da kuna da ita da kafet ɗinku na nan. Wani zai ce ku sayi famfo mai niƙa, mai wuƙaƙe a bakinsa. Ya fi tsada, an kuma yi shi ne don gidan da zai tura ruwa nesa ko tudu mai tsawo, shi ma wayif na ba shi wahala. A ganina ba ku buƙatarsa.

Ki sa ya duba bututun iska ma, saboda gurnanin da kika ce masai na yi. Idan ruwa na shiga rami dole iskar ciki ta sami mafita, in ba ta samu ba sai ta biyo ta masai tana kumfa. Cikar ramin kaɗai na iya jawo haka, amma a sanyin garinku ƙanƙara kan daskare a bakin bututun a kan rufi. Wani lokacin kuma wanda ya gyara besmen ɗin kafin ku saya, don gudun fasa bango, ya ɗora ɗan bawul mai shigar da iska kawai a madadin bututu. Wannan ba ya yi wa ramin ijekta, don shi fitar da iska yake buƙata. Idan an gama komai wari bai tafi ba, ki zuba ruwa kofi uku ko huɗu a magudanar daɓe. Akwai lanƙwasa a ƙarƙashinta da ke riƙe ɗan ruwa ya tare wari, in aka daɗe ba a zuba komai ba sai ta bushe.

Kafet ɗin kuwa Hajiya ta fi ku gaskiya. Ko an ajiye maganar tsarki gefe, kafet da soson da ke ƙarƙashinsa in sun sha ruwan masai ba sa wankuwa, a yanke inda ya jiƙe a fitar, da safar hannu da takunkumi. Daɓen a wanke shi da ruwa da sabulu, a ɗauraye sosai, sannan a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kunna fanka ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu kafin fumfuna ta kama bango. Ki ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, ki kira kamfanin inshorar gidanku. Sai dai kada ki sa rai da yawa: inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ruwan da ya dawo ta magudana sai in an sayi ƙarin kariya ta musamman a kansa. In ba ku da ita, ku ƙara ta yanzu.

To, sai maganar wane ne mai laifi, wadda na san ita ce ta hana ki barci fiye da warin. Ƙanwata, maigida yana da gaskiya, ke ma kina da ita. Wayif ba ya narkewa kamar takardar masai, ko da an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya jefa shi. Ki gwada ki gani: ki sa guda a kwalbar ruwa, ki sa takardar masai a wata, ki girgiza. Takardar za ta zama kunu, shi kuwa yana nan kamar tsumma. A cikin rami nannaɗe farfela yake yi kamar zare a ƙafar keken ɗinki, ya kuma maƙale a bakin bawul. Sai dai ki lura, wanda aka jefa a banɗakin sama ba ya bi ta ramin nan, wanda aka jefa a na ƙasa ne, inda na tabbata a can ake yi wa jariri wanka da canjin famfas tunda can kakarsa take. Man suya kuma, ko na gyaɗa ko manja ko kitsen nama, da ɗuminsa yake shiga kamar ruwa, ya tarar da rami mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa ya daskare. Na taɓa tsayawa a kan wani rami da aka buɗe, saman ruwan ya yi ɓawo fari-fari mai kaurin tafin hannu, ƙwallon famfon ya kafe a cikinsa kamar an dasa shi a sabulu, mai gyaran da cokalin miya ya riƙa yankowa. Man shi ke riƙe ƙwallo, wayif shi ke shaƙe farfela, idan sun haɗu kuma su dunƙule su zama abu ɗaya. Ran da aka ɗaga murfin naku, ina kyautata zaton dukansu biyu za a gani.

Saboda haka ba ke za ki faɗa wa Hajiya ba, kuma ba sai an ce mata ita ce ba. A Katsina in ta watsa ruwan wanke-wanke a kwata rana ce ke cinye shi, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai inji a ƙarƙashin ƙafarta, ku ma da kuka sayi gidan ba ku sani ba. Ki fara da naki. Ki ce wa maigida kin bincika, wayif na cikin abin da ya jawo, kin daina. Mutumin da aka ba shi gaskiyarsa kunnensa ya fi buɗewa. Sannan ki roƙe shi ya tsaya a wurin ranar da mai gyara zai zo, ya ga abin da za a fito da shi da idonsa, ya kuma tambaye shi a gaban kowa me da me ba a zubawa. Mai gyaran zai lissafo: mai, wayif, audugar mata, auduga mai tsinke ta goge kunne, zaren sakace, gashi, sauran tuwo da shinkafa. Daga nan ɗanta ne zai mayar mata da Hausa, a matsayin dokar injin gidan da ta hau kan kowa, har shi. Magana daga bakin ɗa zuwa uwa ba ta da nauyin da take da shi daga bakin suruka, ke ma kin sani.

Ki ajiye kwandon shara mai murfi a gefen masan ƙasa, da babban gwangwanin madara wanda ya ƙare a gefen murhun Hajiya. Ranar da za ta koma ɗakinta ki sauka ki soya ƙosai a can, in kin gama ki bar man ya huce, ki juye shi a gwangwanin tana gani, ki goge kaskon da takarda kafin ki kai shi wajen wanki.